Yadda za ka tada mitar tsohuwar kyamara tunda an daina yin batirin makuri

Jama'a, duk wanda ya gaji tsohuwar kyamarar fim, ko ta mahaifi ko ta wani kawu da ya yi sana'ar hoto a Gusau ko Ƙaura Namoda zamanin da ake cika situdiyo ranar sallah, ko kuma ya tsinto ta wajen 'yan gwanjo, akwai matsala guda da ke jiransa. Kyamara lafiyarta ƙalau, shata na bugawa, lens garau, amma allurar mitar haske, wadda ke auna maka hasken da ke akwai kafin ka ɗauki hoto, ta kwanta ba ta motsi, in ka buɗe gidan batir sai ka ga an rubuta PX625 ko PX13 ko MR9, ka zaga masu gyaran agogo kaf babu mai shi. Ba laifinsu ba ne, batirin makuri ne, wato zaiba, kuma an daina yin shi. Turai ta fara taƙaita shi tun 1991, Amurka ta hana sayar da shi a 1996, daga baya ƙasashen duniya sunka yi yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da makuri a 2013 wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. Ba zai dawo ba, kuma bai kamata ya dawo ba.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, neman batirin da zai shiga ramin ba shi ne aikin ba. Wannan mai sauƙi ne. Aikin shi ne ƙarfin wutar. Batirin makuri yana ba da 1.35V, kuma abin da ya sa masu ƙera kyamara sunka so shi shi ne baya sauka, tun ranar da ka sa shi har ya kusa mutuwa yana nan a kan 1.35 ɗinsa, sai dai rana guda ya faɗi gaba ɗaya. Da yake haka ne sai kamfanoni da yawa ba su damu su sa wani abin daidaita wuta a ciki ba, sunka bar batirin ya zama shi ne ma'aunin. Cikin kyamarar akwai ɗan ido da ake ce ma CdS, haske in ya yi yawa sai ya bar wuta ta wuce da yawa, in ya ragu ya rage, wutar da ta wuce ita ke tura allura. To ka ga batirin nan shi ne mudun awo, in anka canza mudu ba a faɗa ma mai awo ba, zai ci gaba da ƙirga maka daidai a bakinsa amma abin da ke cikin buhu daban ne. Ka sa batir mai 1.55V, allura ta haura fiye da ƙima, mita ta ce maka akwai haske da yawa alhali babu, kai kuma ka matse ƙofar haske, a wanko fim ka ga hotuna sun yi duhu fuskoki sun nutse. Da tsadar fim a yau da wahalar tura shi wani gari a wanke, wannan asara ce mai ciwo.

Da farko, duba ko kyamararka na cikin masu matsalar ma

Kada ka kashe ko sisi sai ka yi wannan. Zenit-E da Olympus Trip 35 ba su amfani da batir sam, tagar da ke gabansu ita ke samar da wutarta daga haske. Pentax K1000 tana cin LR44 ko SR44 da ake samu ko'ina, Canon AE-1 kuma 4LR44 mai 6V, waɗannan duk babu ruwansu da makuri. Pentax Spotmatic an yi ta don batirin makuri ƙarami, PX400, amma tsarin mitarta na daidaita ɓangare biyu ne, don haka ƙarin wuta kaɗan bai dame ta ba, ka samu batirin agogo mai lamba 394 ka sa masa ɗan zoben roba ya zauna a ramin, shi ke nan. Yashica Electro 35, wadda ta yi yawa hannun mutanenmu, an yi ta don PX32 mai 5.6V amma tana karɓar 6V ba gardama, sai ka samu 4LR44 ka naɗe shi da kwali ya yi kauri, ka cike tsawon da sifirin ko dunƙulen takardar alminiyam. Ita kam dole sai da batir, in babu shi gudu ɗaya kawai shatarta ke bugawa.

Masu matsalar na gaske su ne irin Olympus OM-1, Minolta SR-T 101 da 'yan uwanta, Canon FTb, Canonet QL17, Nikkormat FTn, Yashica Mat-124G, Rollei 35, Leica M5 da CL, da mitar hannu ta Gossen Lunasix 3 mai cin guda biyu. Konica Autoreflex T3 ita ma makuri ce amma PX675 guda biyu. Kuma ka sani, OM-1 da SR-T da FTb da Nikkormat duk ƙarfe ne da sifirin, batirin na mita ne kawai, ko babu shi suna ɗaukar hoto a kowane gudu. Wannan ya sa ko mita ta mutu murus ba a yar da su.

Buɗe gidan batir da tsabtace shi

Murfin yawanci a gindin kyamara yake da tsaga ta tsabar kuɗi. Ka nemi kwabo ko wani kuɗin ƙarfe da ya cika tsagar, kada ka sa sukundireba siriri, zai cinye bakin tsagar ka rasa abin kamawa. In ya ƙi juyawa alama ce batir ya yi aman gishiri a ciki ya kama zaren, sai ka ɗiga binega ɗigo ɗaya ko biyu a kewayen murfin, ka bar shi ya kwana, gobe ka sake gwadawa. Kada ka kwarara, ɗigo na ce.

In ka samu tsohon batirin a ciki, musamman wanda ya kumbura ko ya yi fari-fari, kada ka ɗauka da hannu tsirara, sa leda a hannunka. Ka naɗe shi da salatif, ka jefa a ƙaramar kwalba mai murfi ka rubuta guba a jiki, ka ɗora inda yaro ba zai kai ba. Kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta don hayaƙin makuri ya fi komai illa, kada a jefa a shadda ko kusa da rijiya, kada kuma wani ya ce bari ya fasa ya ga zaibar da ke ciki. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar ƙarfe ba, mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 sunka rasu. Waccan dalma ce wannan makuri, amma dukkansu ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suke taɓawa kuma yara sun fi shan wahala. Sabbin baturan ma da za mu yi magana a kai, ƙanana ne masu sheƙi, yaro na iya haɗiyewa, in hakan ta faru asibiti kai tsaye ba jira.

Sai tsabta. Audugar goge kunne da ɗan binega ko ruwan lemun tsami, ka goge farin gishirin da koren tsatsar har su tafi, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sosai, sannan ka murza ƙarfen da magogin fensir har ya yi haske. Zaren murfin ma ka goge shi, don a kyamarori da yawa ta murfin nan wutar ke bi. Mitoci da dama da ake cewa sun mutu wallahi datti ne kawai. In ka yi duk wannan ka sa kowane batir na gwaji allura ba ta ko girgiza ba, to galibi siririyar wayar da ke bayan gidan batir ce tsatsa ta cinye, sai a cire farantin gindi a sake like ta.

Yanzu zaɓin batir, kuma nan ne maganar take

Akwai wanda ake sayarwa da suna 625A ko LR9 ko PX625A. Siffarsa sak ta tsohon, yana shiga ramin daram, kuma shi ne mafi munin zaɓi ga kyamarar da ke cikin masu matsala. Alkalayin ne, sabo yana farawa sama da 1.5V, sai ya riƙa gangarowa a hankali har ƙasa da 1.2V. Ma'ana yau mita na ƙara maka haske, bayan wani lokaci ta yi daidai na ɗan taƙi, daga nan ta koma tana ragewa, kuma ba ka san a wane mataki take ba ranar da ka fita ɗaukar hoton biki. Kuskuren da ke tsaye wuri ɗaya ana iya gyara shi, wanda ke yawo ba a iyawa. Ga shi kuma alkalayin ya fi kowa yoyo in ya tsufa. LR44, wanda wasu ke ce ma AG13, shi ma wannan hali gare shi.

Hanya mafi arha mai kyau ita ce batirin na'urar ji, wadda masu matsalar kunne ke sawa, mai lamba 675. Za ka gane shi da shuɗiyar takardar da ke manne a bayansa, don kowane girma da launinsa, 13 ruwan lemu, 312 ruwan ƙasa, 10 rawaya, kai shuɗi kake nema. Da iska yake aiki, yana ba da kusan 1.4V kuma yana tsayawa a kai kamar yadda makuri ke yi, bambancin ƙanƙane ne fim ba zai nuna ba. Ka tambaya a manyan kemis ko wajen masu sayar da na'urar ji, ko ka yi oda ta intanet, a fakiti yake zuwa yawanci guda shida.

Ga yadda ake sa shi. Faɗinsa milimita 11.6 ne, ramin PX625 kuma wajen 15.6, saboda haka zai yi ta rawa a ciki. Ka je wajen masu kayan famfo ko masu kayan babur ka nemi zoben roba da ramin cikinsa ya kai milimita 11, kaurinsa 2, ka tafi da batirin ka gwada a gabansu ya fi. In ba ka samu ba ka lanƙwasa guntuwar wayar wuta mai rigarta ta zama zobe. Ka ɓare shuɗiyar takardar, ka ajiye batirin minti biyu zuwa biyar ya sha iska, ka sa masa zoben, ka saka. Gefen da ke da ƙananan ramuka, mai faɗi, shi ne +, a yawancin kyamarori shi ke kallon murfi amma ka duba alamar da ke cikin murfin ko ramin. Ya ɗan fi tsohon gajarta, in ka ji bai matsu ba ka ɗan ɗago harshen ƙarfen da ke ƙasa a hankali, ko ka sa 'yar ninkakkiyar takardar alminiyam tsakanin batir da murfi, amma kada ta toshe ramukan duka kuma kada ta lanƙwaso ta taɓa ɗaya gefen. Wani abu kuma, akwai kyamarorin da ke ɗaukar wutar + daga gefen batir ba daga samansa ba, za ka ga ɗan ƙarfe a bangon ramin, irin waɗannan zoben roba zai raba su da wuta, sai zoben tagulla da ake sayarwa don wannan aikin.

Aibinsa guda ne, kuma a ƙasarmu aibin ya fi tsanani. Da zarar ka ɓare takardar ya fara mutuwa ko kana amfani da shi ko ba ka yi, saboda ruwan da ke cikinsa na bushewa ta ramukan nan. Turawa na maganar watanni, amma kai da ke Talata Mafara a tsakiyar hunturu da iskar da ke tsaga leɓe, ko a bazara da zafi ke haura 40, ka sa ran makonni. Da damina kuma yana shan laima yana iya yoyo. Dabara ita ce ka toshe ramukan da ɗan man farce ka bar guda ɗaya tak, mita ba ta cin wuta sosai rami ɗaya ya ishe ta, amma ka bar tsakiya a buɗe inda ƙarfe zai taɓa. In ka gama fim ka ciro batirin ka mayar masa da takardarsa ko salatif. Wanda ba a ɓare ba yana daɗewa a ajiye, ka sa fakitin a wuri mai sanyi cikin ɗaki, ba aljihun mota ba. Akwai WeinCell MRB625, shi ma na iska ne da anka yi musamman don kyamara a 1.35V da siffar da ta dace, yana da kyau amma ya fi tsada nesa kuma shi ma bushewa yake, ni ban ga dalilin jiran oda daga waje a kan abin da hunturu zai shanye ba.

In kana ɗaukar hoto a kai a kai, abin da nake ba da shawara shi ne adafta MR-9 ta gaske. Wani ɗan gida ne mai siffar PX625, a cikinsa akwai dayod da ke rage wuta, kana sa masa batirin azurfa SR43, wato 386, mai 1.55V, ya fito da wajen 1.35V. Batirin azurfa yana tsayawa wuri ɗaya kamar makuri, baya bushewa, yana kai shekara ko fiye. Kanto Camera ta Japan na yin ta, ana kuma sayar da ita a Amurka da sunan CRIS. Sau ɗaya za ka saya, kuma ba ka taɓa cikin kyamara ba. Amma hattara, kasuwar intanet cike take da zoben tagulla zalla da ake rubuta ma MR-9 alhali babu komai a cikinsa, wannan na batirin 675 ne, in ka sa masa na azurfa 1.55V ɗin za ta wuce yadda take. In ya yi arha ƙwarai to shi ne. Sannan in ta gasken ta iso ka ɗora maltimita ka ga 1.5 da wani abu kada hankalinka ya tashi ka ce an cuce ka, dayod ba ta rage wuta sai ana jan wutar, ka sa mai gyaran rediyo ya haɗa resisto 10k tsakanin + da − sannan ya auna, a nan za ka ga ta sauko. Kuma wajen sayen batirin ka karanta da idonka, SR shi ne azurfa, LR alkalayin ne, girmansu ɗaya kuma mai shago sau da yawa bai san bambancin ba, ba ha'inci ba ne, a agogo duk suna aiki.

Hanya ta uku ita ce a dasa dayod ɗin a cikin kyamarar kanta. Ana amfani da irin da ake kira Schottky, kamar BAT83 ko 1N5711, wadda ke cin kusan 0.2V. A cire farantin gindi, a yanke wayar da ta fito daga gidan batir, a like dayod a tsakani, a rufe ta da roba don kada ta taɓa jikin kyamara, daga nan sai SR44, wato 357, da zoben roba. In an gama allura ba ta motsi to an sa dayod ɗin a juye ne, a juya ta. Duk mai gyaran waya mai natsuwa zai iya, amma ka zauna a gabansa, ka ce masa ƙarfen likin kada ya daɗe, kuma a OM-1 da makamantanta kada a taɓa giyoyin da ke ƙarƙashin farantin. In an gama a manna 'yar takarda a cikin murfi a rubuta an sa dayod, don wanda zai gaji kyamarar kada ya zo ya ƙara mata adafta wuta ta ragu sau biyu. Akwai kuma sake saita mitar gaba ɗaya ta koma 1.55V, wannan shi ne gyara mafi tsafta amma sai ƙwararren mai gyaran kyamara da kayan awon haske, kada ka bari kowa ya murɗa ƙananan sukurorin saiti da ka.

Masu cin batir biyu, irin Lunasix da Konica, kuskurensu ya fi girma don 2.7V ta koma 3.1V. In za ka jera 675 biyu ka tabbata na sama bai toshe ramukan na ƙasa ba, 'yar siririyar waya tsirara a tsakaninsu ta isa ta bar iska ta shiga.

Gwaji kafin ka sa fim

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, alhali kyamara mai shekara 50 ko da batirin makuri na asali mitarta na iya kaucewa. Ka saita ASA, wato lambar da ke gaya ma mita ƙarfin jin hasken fim, a 100. Da hantsi ko bayan azahar, rana tarwai ba gajimare, ka juya ma rana baya ka nuna kyamara ga bangon da ba fari ba ba baƙi ba, irin bangon siminti ko na jar ƙasa, ya cika maka fuskar kallo. Mita mai lafiya za ta ba ka kusan f/16 a ƙofar haske a kan gudun shata 1/125. Kada ka yi wannan gwajin ranar da hazo ya rufe gari, ƙurar hunturu na cinye mataki ɗaya, wato rabin hasken, ko fiye sai ka zargi mita a banza.

Amma wuri ɗaya bai isa ba, don kuskuren wuta ba ya zama daidai a kowane haske, ya fi fitowa a haske mai ƙarfi. Ka sauke manhajar awon haske a wayarka, ko ka aro kyamarar dijital, ka gwada su tare a kan bango ɗaya a wuri uku, cikin rana, ƙarƙashin inuwar bedi, da cikin zaure ko ɗaki. Ka rubuta abin da kowace ta ce. In bambancin bai wuce rabin mataki ba ka sa fim ka tafi, nagatif na haƙuri da wannan. In ta kauce da adadi ɗaya a duk wurare ukun sai ka gyara da ASA, misali tana nuna haske ya fi da mataki ɗaya, fim ɗinka 400 ne, ka saita ta a 200, in 200 ne ka sa 100. In kuwa ta yi daidai a ɗaki amma ta haura mataki biyu a rana, to wutar ce ba ta sauko ba, koma ka duba batirin da adaftar, ASA ba za ta gyara wannan ba. In kana shakka tsakanin saiti biyu ka zaɓi wanda ya fi ba fim haske, nagatif ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa.

Sai kashe mita in ka gama. OM-1 makunninta na sama gefen hagu, SR-T nata a gindi yake inda anka rubuta ON da OFF da BC, Canonet kuma ka kawar da zoben daga A ka rufe lens da murfinsa. In kyamara za ta kwanta fiye da wata guda ka cire batirin ko wane iri ne, ka sa shi a 'yar leda daban, ka rubuta ranar da ka fara amfani da shi a jikin ledar.